Ranar da Na Baje Tudun Surukina

Ko da zan manta da lambar iƙamata, wato katin zamana a Saudiyya, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ranar da na yi sammako na ɗauki ma'aikata biyu da diga da shebur, na je na rushe abin da surukina ya fi ƙauna a duk birnin Jidda. Kuma wallahi da kyakkyawar niyya na yi. Wannan ne ma ya fi ba ni haushi har yau, don da mugunta ce da tuni na tuba na huta.

A unguwar Bani Malik ta Jidda aka haife ni. Kakana ne ya zo aikin Hajji bai koma ba, mu kuma muka tashi muka tarar da kanmu a nan. Sana'ata shirya wurin biki: rumfa, darduma, kujeru, fitilu, turaren wuta. Ka ba ni fili fetal da safe, kafin la'asar in mayar maka da shi wurin da amarya za ta shiga tana taƙama. Abu ɗaya na tsana a duniya, shi ne ƙasa mai tudu da kwari. Tudu ne ke karya mini ƙafar kujera, shi ne ke sa uwar ango ta yi tuntuɓe a gaban jama'a, a wayi gari ana cewa mai rumfa bai iya aiki ba. Saboda haka ni in na ga tudu ba na tambaya, bajewa nake yi. (Ku riƙe wannan, za ku buƙace shi nan gaba.)

Surukina kuwa, Baba Idi, mutumin Damagaram ne. Ya fi shekara talatin yana kula da filin wasa a wani rukunin gidajen Turawa a Abhur. A can ya haɗu da wasan nan nasu da ake kira besbol, wanda wani zai jefo ƙwallo, wani ya maka mata gora, ya yar da gorar ya arce. Da aka rufe filin nasu aka yi gine-gine a wurin, sai Baba ya samo wani kango a bayan rumbunan ajiye kaya a Mahjar, ya tara samari ya koya musu. Akwai direbobi, akwai masu kai saƙo, 'yan Nijar da 'yan Chadi da haifaffun Jidda irina. Kowace Juma'a bayan la'asar suna can.

To ga inda zan fara tona wa kaina asiri. Shekara bakwai ina auren 'yarsa Rabi, ban taɓa taka ƙafata filin nan ba. Ko sau ɗaya. Kullum in ya gayyace ni sai in ce, "Baba, ai ka san Juma'a ranar biki ce, aiki ya yi yawa." In ya fara ba ni labarin wasan, sai in sunkuyar da kai ina "Mashallah, Baba, mashallah," alhali ko kalma ɗaya ba ta shiga. Kunyar suruki ta hana ni tambaya, girman kai kuma ya hana ni cewa ban gane ba. Tsakanina da shi gaisuwa ce da "ya jiki, ya gwiwa," sai kowa ya kama kallon darduma.

Sai ga labari ya zo. Wata babbar ƙungiyar besbol da ke arewacin gari ta ce za ta ɗauki ƙananan ƙungiyoyi ta sa su a ƙarƙashinta. Wadda aka ɗauka za a ba ta kayan wasa, a riƙa turo mata mai horarwa, wanda ya yi fice a cikin 'yan wasanta kuma a ja shi sama. Amma da sharaɗi: sai an turo mutum ya duba filinku. Ban ɗaki, inuwar 'yan wasa, ruwan sha, ragar waya a bayan mai bugu, da shi kansa filin. Mai rumbunan kuma ya riga ya gaya wa Baba cewa in takardar babbar ƙungiya ta fito zai bar musu wurin, in ba ta fito ba manyan motocinsa na neman wurin kwana.

Kuma Baba na shirin tafiya gida gaba ɗaya. Kafilinsa, wato ubangidan da yake zaune a ƙasar da sunansa, ya riga ya gama masa takardun fita, saura mako biyar. Na ji shi da kunnena yana gaya wa Rabi a falo, murya ƙasa-ƙasa, "Ba na son in tafi in bar yaran nan a watse. In na bar su a hannun wani, halas, sai in kwanta a Damagaram hankalina kwance."

Rabi ta same ni a kicin ta ce, "Abu Safiya, don Allah ka taimaka wa Baba ranar Asabar. Babban baƙo ne zai zo duba filin."

Baƙo? Ai nan take ƙirjina ya buɗe. Wasa dai ban iya ba, amma karɓar baƙo, a nan aka yanke mini cibi. Na ce a raina ga ranar da tsohon nan zai san irin surukin da Allah Ya ba shi. Na je na durƙusa na karɓi makullin ƙofar filin, don shi da safen yana da ganin likita saboda gwiwarsa. Da zai miƙo mini ya ce, "Kujeru kaɗan da ruwan sanyi sun isa, Abu Safiya. Kada ka wahalar da kanka."

Kujeru kaɗan! Ni za a ce wa kujeru kaɗan? Na ce "To, Baba," amma a zuciyata na riga na loda mota.

Ranar Asabar ana idar da sallar asuba muka kama hanyar Mahjar, ni da Abakar, wani ɗan Chadi da ya daɗe yana aiki da ni, da wani ma'aikacin. Da na buɗe ƙofar sai da na tsaya. Gaskiya filin ya burge ni. An share shi tas, an ja farin layi ɗoɗar, ga 'yar rumfar kwano da benci biyu, ga ban ɗaki sabon fenti, ga raga an ɗaure ta tamau. Na ce lallai tsoho ya yi ƙoƙari. Sai idona ya faɗa tsakiyar fili.

Tudu. A tsakiya tsaf, an lulluɓe shi da tamfol, an danne gefe-gefe da bulo.

Na ɗaga tamfol ɗin, na ga jar ƙasa, tsayinta bai wuce taki ɗaya ba amma tana da faɗi, ga wata farar roba an binne a samanta. Na girgiza kai cike da tausayi. Na ce wato magina ne suka zubar da ragowar ƙasarsu a nan, tsoho ba shi da ƙarfin kwashewa, shi ne ya rufe don kada baƙo ya gani. Allah sarki Baba. Ai ga ɗanka ya zo.

"Yalla, Abakar, kawo diga."

Abakar ya zagaya tudun sau biyu, ya tsuguna ya shafa shi da tafin hannu. Ya ce, "Mu'allim, anya? Wannan fa kamar da gangan aka yi shi. Dubi yadda ya gangaro sumul ta gaba."

Na ce, "Abakar, shekara nawa kana aiki da ni? Ka taɓa ganin filin ƙwallo da ƙusumbi?"

Ya ɗauko diga. (Har yau in muka haɗa ido a wurin aiki sai ya ce "Mu'allim, anya?" ya wuce abinsa. Ba ni da bakin korarsa.)

Jama'a, ƙasar nan ta ba mu wuya. Diga na sauka tana tashi. Muka yi ta sara, gumi har cikin ido, ina ta tsine wa wanda ya bar ta ta daskare haka. Wai ni nan ina zagin magina. Sai da hantsi ya dubi ludayi muka gama da ita. Da yake ba na son asara, na sa aka kwashe ƙasar a baro aka cike wani rami da ke bakin ƙofa, inda baƙo zai ajiye motarsa. Farar robar kuwa na jefa ta bayan motata tare da tarkace.

Da tsakiyar fili ta kwanta lafiya lau, na ga ai babu inda ya fi ta dacewa da rumfar babban baƙo. Muka kafa rumfa a daidai wurin. Na shimfiɗa jar dardumar da ba na fitarwa sai bikin manya, na jera matasai, na kawo butar gahawa da ƙananan kofuna, dabino faranti uku, turaren wuta yana tashi. Na ja da baya na ɗauki hoto na tura wa Rabi. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta kira. Na ce yabo ne, ba zai gudu ba, na mayar da wayar aljihu. Ta sake kira, ta sake, ta sake. Na yi murmushi na ce matar nan ta cika zumuɗi, na kashe ƙarar na tafi wanka.

Bayan la'asar na dawo cikin farar jallabiya, na tsaya a bakin rumfa ina jira. Motar 'yan wasa ta fara isowa, Baba yana gaba. Suna ta surutu da dariya har suka shigo ƙofa, sai kowa ya yi tsit. Wani dogon saurayi, Sani, wanda daga baya na gane shi ne mai jefa musu ƙwallo, ya saki jakarsa ta faɗi ƙasa. Ni kuwa na ɗauka kyan wurin ne ya ɗauke musu numfashi, har na ɗan sunkuyar da kai irin na mai tawali'u.

Baba ya ratso ta cikinsu. Ya tako a hankali da sandarsa har bakin rumfa, ya sa kan sandar ya ɗaga gefen darduma, ya leƙa. Ya daɗe yana kallon ƙasar. Ya saki dardumar ta koma.

Kafin in ce masa sannu da zuwa, baƙon ya iso. Kaftin Majid ake ce masa, Balarabe ne matashi, da allon rubutu a hannu da abin awo a ƙugu. Na tarye shi tun daga ƙofa da "ahlan wa sahlan" har sau uku, na nuna masa inda zai ajiye mota, na jawo shi zuwa rumfa. Ya duba hagu, ya duba dama, ya dubi rumfata, sa'an nan ya juya wurin Baba ya tambaya da Larabci, "Ya ammi," wato baffana, "ina tudun mai jifa?"

Ai da na yi shiru. Da na yi shiru da wataƙila an ce iska ce ta kwashe shi. Amma ina! Na matso gaba, na gyara wuyan jallabiya, na ɗaga murya yadda kowa zai ji wanda ya yi aikin:

"Halas, Kaftin, kada ka damu da wannan. Na kawar da shi tun da safe. Ya ba mu wuya, amma alhamdulillahi, ko alamarsa ba za ka gani ba."

Kaftin ya dube ni. "Ka kawar da shi?"

"Da hannuna."

"Ka kai shi ina?"

Na nuna masa bakin ƙofa. "Ga shi can, motarka na kai."

Sani ya rufe fuskarsa da safar kama ƙwallo. Wani ya zauna daɓas a ƙasa. Wani daga baya ya ce "Inna lillahi" a hankali, irin wadda ake yi in an ji rasuwa. A lokacin ne na ciro wayata na ga saƙon Rabi, kalma uku kacal: "Ina tudun Baba?"

Sani ne ya matso kusa da kunnena ya warware mini. A kan tudun nan mai jifa ke tsayawa, in babu shi babu wasa. Tsayinsa da gangarensa da nisansa daga mai bugu duk da awo ake yi, kuma shi ne abu na farko da mai duba fili ke aunawa. Ƙasar kuwa ba ta magina ba ce. Yumɓun tsohon filin Abhur ne, wanda Baba ya yi shekara talatin yana shayar da shi. Ranar da za a rushe filin ya roƙa aka bar masa, samarin nan suka yi ta jigilarsa buhu-buhu a bayan motocinsu.

Na so ƙasa ta tsage in shige, amma na riga na daddale ta da kyau, babu ko tsaga.

Na jira tsawa. Wallahi da Baba ya ɗaga sandar nan ya sauke mini a ka, da na ji sauƙi. Sai kawai ya gyara tsayuwa ya ce wa baƙon, "Kaftin, bismillah, zauna ka sha gahawa. Surukina ne. Tun asuba yake wahala saboda ni." Ya cire takalmi, ya hau dardumata, ya zauna a daidai inda tudunsa yake jiya, ya ɗauki buta ya zuba wa baƙo da hannunsa. Gahawar ta ɗan zuba a gefen kofi. Ni kaɗai na lura, don ni ne ke tsaye kusa kamar an dasa ni.

Kaftin mutumin kirki ne. Ya sha gahawa, ya ci dabino, ya zagaya ya duba ban ɗaki da raga da inuwa, ya ce duk sun yi. Sa'an nan ya ce, "Ya ammi, ka yi haƙuri, ba zan rubuta na ga abin da ban gani ba. Zan dawo bayan mako shida. Daga nan an rufe."

Mako shida. Kowa a wurin ya san saura mako biyar jirgin Baba ya tashi.

Da baƙo ya tafi (motarsa ta fita sumul, ko girgiza ba ta yi ba, aikina dai ya yi kyau), samarin suka ja gefe suka bar mu. Na durƙusa a gaban Baba, farar jallabiyata a cikin ƙura. Na buɗe baki in ba da haƙuri, sai kuka ya riga maganar fitowa. Ƙato da ni, uban 'ya'ya biyu.

Ya bar ni na yi mai isata. Can sai na ji kafaɗarsa na motsi. Na ɗago, ashe dariya yake, hawaye na bin gemunsa.

"Abu Safiya," ya ce, "shekara bakwai ina gayyatarka filin nan. Ranar da ka ga damar zuwa, sai ka zo mini da diga."

Na ce, "Baba, ka yafe mini. Ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Duk mashallah ɗin da kake yi mini, ka ɗauka ban gane ba?" Ya share ido da gefen rawaninsa. "Gwiwata ba za ta sake gina wani ba. Kai kana da baya?"

Na ce ina da shi.

"To gobe bayan asuba. Ka zo da digar taka, tunda ka iya ta."

Haka muka fara. Na tono ƙasar daga ramin ƙofa, na tankaɗe tsakuwa da rariya baro bayan baro. Na lalubo farar robar a cikin tarkacen motata na wanke ta da sabulu. Baba yana zaune a kujera (ɗaya daga cikin kujeru kaɗan ɗin da ya nema tun farko), yana nuna mini da sanda. A kafa turke a ja igiya, mita goma sha takwas da ɗoriya daga wurin mai bugu. A zuba ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa, a jira ta sha, a daka. Ya fito da wani tsohon madaɓi na itace daga jakarsa, mariƙinsa ya yi sulɓi saboda riƙo. Ya ce awon Turawa ne suka koya masa, amma dukan, wurin mahaifiyarsa ya gani, lokacin da matan unguwarsu ke taruwa daɓen ɗaki.

"Ba da fushi ake dukanta ba," in ji shi. "Kai kana dukanta kamar ta ci maka mutunci. Sassauta. Saurari ƙarar, in ta daina amsa maka da taushi ta yi."

Hannuna ya yi kanta, bayana ya ƙage, Rabi na gasa mini da ruwan zafi tana dariya. Amma a mako biyar ɗin nan na yi hira da surukina fiye da ta shekara bakwai. Na ji labarin zuwansa Jidda yana saurayi, da yadda ya yi kuka ranar da aka haifi Rabi, da sunan kowane saurayi a ƙungiyar da abin da ke damunsa. Na koyi yin tambaya. Har na gane dalilin da ya sa mai bugu ke yar da gora ya arce. Wata safiya, ina durƙushe ina daka, na ji ya ce, "Ɗana, ƙara ruwa ta nan." Bai taɓa kirana haka ba. Na yi kamar ƙura ce ta shiga mini ido, shi ma ya yi kamar ya yarda.

Baba ya tafi saura mako ɗaya Kaftin ya dawo. A filin jirgi ya ciro madaɓin ya sa mini a hannu, ya ce, "Ka riƙa rufe tudun da tamfol, rana na fasa shi."

Ranar da Kaftin ya dawo ban kafa rumfa ba. Kujeru kaɗan da ruwan sanyi. Na kira Baba ta bidiyo na ɗaga wayar sama, yana zaune a ƙofar gidansa a Damagaram, ya matso da fuska har hancinsa ya cika allon. Kaftin ya ja abin awonsa, ya hau tudun, ya daddaka shi da dunduniya, ya sauko ya sake hawa. Samari sun yi cirko-cirko. Sai ya buɗe allonsa ya sa hannu, ya ɗago ya ce wa wayar, "Mabruk, ya ammi. Yaranka sun shiga."

Filin ya kaure da ihu. Sani ya ɗaga ni sama, jallabiya da komai. Da aka sauke ni na duba wayar, na ga Baba ya kau da kai gefe yana goge fuska. Ya daɗe kafin ya juyo. Na jira in ji yabo, don halina dai bai gama barina ba.

Ya ce, "Juya mini wayar in gani da kyau." Na juya. "Gefen hagu ya ɗan zauna, ɗana. Gobe ka ƙara masa ƙasa."

Na ƙara. Har yau ni ke ƙarawa, kowace Juma'a da safe kafin in tafi aikin biki, kuma duk wanda ya taka mini tudun nan da takalmin gari sai ya ji bakina. Abin da na koya kuwa ba mai yawa ba ne: in ka ga abu a rufe da tamfol an danne shi da bulo, wani ne ya rufe shi, ka nemi mai shi kafin ka nemi diga. Yanzu ko a wurin biki na ga ɗan tudu, sai in tsaya in yi ta tambaya, "Na wane ne wannan?" Ma'aikata na dariya, masu biki na duba agogo. Su yi ta yi. Ni na san abin da tudu ɗaya ya ci mini, na kuma san uban da ya ba ni.